Ƙahon Tafkin Kulumbu

An yi wani sarki a wata ƙasa ta fadama da gulbi, ana kiransa Zailani, mutum mai kunya da tsoron Allah, wanda ba ya son a ce ya rushe abin da iyayensa suka kafa. Sunan birninsa ya kuɓuce mini, ko da yake na taɓa sauka a cikinsa a shekarun yawona, amma sunan tafkin da ke gabas da birnin bai ɓace ba: Kulumbu ake ce masa.

Kakan wannan sarki shi ne ya kafa wa tafkin doka, saboda a zamaninsa maharba sun yi wa tsuntsayen ruwa ɓarna har dinya ta kusa ƙarewa. Ba a taɓa gauraka, ba a taɓa shamuwa, rani da damina. Ba a ɗaukar ƙwai, ba a zuba hatsi mai guba, ba a shimfiɗa taru a kan sheƙa. Wanda zai yi farauta sai ya kai masakinsa, wato babbar ƙwarya, wurin Sarkin Baka, shugaban maharba, ya ƙona masa alama da ƙarfe, kuma ba ya fitowa daga ruwa da abin da ya wuce cikin burgami ɗaya. Domin maharban Kulumbu ba da baka suke kama agwagwa ba. Sukan saki manyan masakai su yi ta yawo a kan ruwa har tsuntsaye su saba da su, sa'annan mutum ya kifa wa kansa wani mai hudar idanu, ya shiga ruwa iya wuya, ya lallaɓa cikin garke ya riƙa jan ƙafa ta ƙasa, tsuntsuwa ta nutse 'yan'uwanta ba su sani ba.

Babbar dokar kuwa ita ce ta ƙaho. Ranar da shamuwar farko ta sauka a gari, alamar damina ta ƙarato, an rufe tafki. Ba a buɗe shi sai Sarkin Baka ya ga da idonsa ɗan dinya, ƙyanƙyasar shekarar, ya tashi ya ƙetare doguwar giginyar da ke mashaya, sa'annan ya busa ƙaho. Wanda ya kama tsuntsu kafin ƙaho, a fasa masakinsa, a kore shi daga ƙasar shi da iyalinsa, ba dawowa.

Dokar ta yi albarka zamani mai tsawo. Sai wata shekara ruwan sama ya yi ƙaranci, dinya ba ta yi 'ya'ya ba, ƙaho bai busu ba. Mutanen bakin tafki suka yi haƙuri suka ce baɗi. Baɗin ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma har aka yi girbi babu ɗan dinyar da ya ƙetare giginya. Dogarawan da ke gadi kuwa, da suka ga ba su iya bambance mai shiga ruwa don tsuntsu da mai shiga don wata bukata, sai suka hana kowa shiga gaba ɗaya. Da sanyi ya sauka, agwagin arewa, baƙin da ba sa sheƙa a ƙasar, suka zo suka rufe ragowar ruwan, mutane suna tsaye a gaɓa da yunwa suna kallonsu.

A cikin wannan hali aka kama wani maharbi mai suna Cindo, ya fito daga ruwa da masaki a ka da agwagi uku a burgami. Aka kai shi fada a ɗaure.

Alƙalin garin a lokacin shi ne Malam Mu'allayidi, dattijo mai sanyin magana, wanda ya tsufa a kan buzun shari'a, har gwiwoyinsa ba sa yarda ya tashi sai da sanda. Sarki ya sa aka kira shi, ya sallami fadawa, ya ce, "Malam, yau na rasa inda zan sa kaina. Mutumin nan ya karya doka, bai musa ba. In na kore shi, na kori mai yunwa da tsohuwar uwa da 'ya'ya ƙanana, kuma ban san abin da zan faɗa wa Ubangijina ba. In na ƙyale shi, gobe duk bakin tafki zai faɗa ruwa, in zama jikan da ya kwance abin da kakansa ya ɗaure. Ina so ka nemo mini hukuncin da ba zai karya doka ba, ba zai kuma kori mutumin nan ba. In babu shi, ka faɗa mini babu, in zartar da abin da na gada."

Alƙali ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, nauyin da ka ɗora mini ya fi wuyana, amma ba ni da ikon sauke shi. Abin da nake roƙo shi ne a ba ni dama in ji daga bakin mai laifi, in kuma je in ga tafkin da idona, domin ban taɓa yanke hukunci a kan wurin da ban taka ba." Sarki ya yarda.

To, tsakanin malamai da maharba akwai wasa tun kaka da kakanni, ba a fushi da shi ko a gaban sarki. Saboda haka da alƙali ya shiga inda aka tsare Cindo, sai ya tarar da mutum ƙashi da fata yana yi masa murmushi.

Cindo ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe har da kai a cikin masu zuwa kallo? Da na sani da na rage maka cinya ɗaya. Na san ku, kuna haramtawa da baki, hannu yana cikin akushi."

Alƙali ya zauna da ƙyar, ya ce, "Kai dai maharbi ba ka rabuwa da warin ruwa, ko a kurkuku. Ka san doka ko ba ka sani ba?"

"Na san ta fiye da Fatiha, Malam, kai ma ka san karatuna."

"To me ya kai ka?"

Murmushin ya gushe. Cindo ya ce, "Innata ta daina tambayar abinci. Da tana tambaya ina ce mata anjima. Ranar da ta daina tambaya, na ɗauki masaki. Ba ni da wata hujja bayan wannan, kada ka wahalar da gemunka kana nema mini. Abu ɗaya nake roƙo: in za a kore mu, a bari sai ta cika. Ba za ta iya hanya ba, kuma kabarin babana yana nan."

Alƙali ya fito ba tare da ya yi masa alkawarin komai ba, domin ba shi da abin da zai yi alkawari da shi.

Washegari aka ɗora shi a kan jaki ya nufi Kulumbu. A gindin giginya ya sami Sarkin Baka Ɗantsoho, ƙaho a rataye a wuya, ya ɗaga kai yana duban sama, ko da yake lokacin tashin 'ya'yan dinya ya daɗe da wucewa. Suka gaisa. Sarkin Baka ya ce, "Malam, mutanena sun daina yi mini sallama. Wasu sun zo sun durƙusa suna roƙona in ce na gani. Ni kuwa na dafa Alƙur'ani ranar da aka rataya mini ƙahon nan, cewa ba zan busa ba sai na gani. Ka faɗa mini, in yi ƙarya su rayu, ko in riƙe rantsuwa su mutu?" Alƙali ya tambaye shi me ya hana dinya ƙyanƙyasa a shekarar da ruwa ya wadata. Tsohon ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ni sama aka ce in duba."

Daga nan ya wuce gidan Cindo. Uwarsa, Inna Tasalla, tana kwance a kan yagaggiyar tabarma a inuwar danga, matarsa Yalwa tana daka wani ganye da alƙali bai san ana ci ba. Tsohuwar ta yi yunƙurin tashi, ya hana ta.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ka yi haƙuri da shimfiɗarmu. Ni da nake saƙa wa amaren gari tabarma, yau ga abin da nake kwana a kai. Kacallar da muke saƙa da ita ta cika tafki har ta fi mutum tsawo, amma an ce ko lauje kada a gani a hannun kowa."

Alƙali ya ce, "Inna, da wa yake yanko miki?"

Ta ce, "Wa kuwa, in ba yaron nan ba? Da an busa ƙaho, kafin su saki masakai, duk maharba sai su yi gayya su bi bakin rafin da ke kawo ruwa daga gulbi su sare ta, tun da masaki ba ya yawo a cikin ciyawa. Su dawo jikinsu duk matsattsaku, kowa da damin kacalla a ka ya kawo wa uwarsa. Mu yi ta saƙa har bazara." Can ta ce, "Sun ba shi ruwa kuwa a can inda aka tsare shi? Ba ya tambaya, haka yake tun yana goye."

Maganar tabarma ta tsaya wa alƙali a rai. Ya sa aka kai shi bakin rafin, ya tarar ba rafi, sai kacalla ta haɗe kamar katanga, laka ta taru a gindinta ta bushe. Ya tambayi inda dinya take sheƙa, aka nuna masa wani tsibiri can tsakiya. Ya sauka daga jaki, ya dogara sandarsa, ya yi ta tafiya a kan busasshiyar ƙasa mai tsagewa, har ya isa tsibirin takalminsa bai jiƙe ba. A can ya ga tsofaffin sheƙuna a watse, ɓawon ƙwai a farfashe, ga sawun dila da na karnukan gari sun yi hanya kamar ta zuwa rijiya.

Nan ya zauna a ƙasa, abin ya haɗu a zuciyarsa, bai kuwa ji daɗin haɗuwarsa ba. Ba a busa ƙaho ba, saboda haka ba a sare kacalla ba. Ba a sare ta ba, saboda haka ruwan gulbi bai shigo ya kewaye tsibiri ba. Dila ya taka ya cinye ƙwai, babu ɗan dinyar da zai tashi, babu ƙahon da za a busa, bana da baɗi har abada. Kowa ya riƙe amanarsa, dogari da Sarkin Baka da sarki, kuma riƙon amanar ne yake kashe tafkin.

Ya koma fada ya bayyana wa sarki duk abin da ya gani, sa'annan ya ce, "Ranka ya daɗe, Cindo mai laifi ne, ba zan ce ba shi da laifi ba. Amma kakanka ya faɗi hukunci, bai faɗi ranar zartarwa ba, wannan yana hannun mai mulki. Hukuncina shi ne a jinkirta korarsa zuwa ƙarshen damina mai zuwa. Kafin nan a sake shi, shi da sauran maharba su shiga da lauje, ba da masaki ba, su buɗe rafi. In ɗan dinya ya ƙetare giginya, aikin hannunsa ya biya abin da hannunsa ya ɗauka, sarki ya yi masa afuwa ba wanda zai ce an karya doka. Sai kuma abu na biyu. Agwagin arewa ba sa sheƙa a wurinmu, kama su ba ya rage zuriyar tafki. Da za a yi wa mutane izini su ɗan taɓa su kafin su koma, da sun sami ƙarfin riƙe lauje."

Sarki ya yi farin ciki da na farko, ya ɓata fuska a na biyu. Ya ce, "Malam, jinkiri nawa ne, na bayar. Amma tsuntsu kafin ƙaho, wannan ita ce dokar kanta. In na buɗe wannan ƙofa da hannuna, me ya rage? Zan aika musu da hatsi daga rumbun fada."

Alƙali ya buɗe baki zai sake magana, ya ga sarki ya riga ya ba da abin da yake jin zai iya, ya ji tsoron in ya matsa a janye har na farkon. Ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki imani," ya tashi.

Hatsin fada ya zo, bai kai ko'ina ba, domin rumbun ma ba cike yake ba. Maharba suka shiga kacalla da cikin wofi. Suna sara, agwagin arewa suna iyo kusa da gwiwoyinsu, dogarai suna gaɓa suna kallo, har lokacin komawar baƙin ya yi suka tashi suka bar ruwa fayau. Bazara ta shigo da zafinta. Wasu suka faɗi da zazzaɓi, wasu suka sulale da iyalansu zuwa ƙasashen kudu, gayyar tana raguwa, Cindo yana gaba kullum. A cikin wannan bazarar Inna Tasalla ta cika, dammunan kacalla jibge a tsakar gidanta ba ta saƙa ko ɗaya ba. Bayanta ƙaramar 'yar Cindo ta bi. Ko 'yar ce ta riga? Na manta, Allah ya gafarta mini, amma tsakaninsu ba nisa. Yalwa ta kwashi sauran yaran ta tafi garin iyayenta, ta ce ba za ta zauna tana binne su ɗaya bayan ɗaya ba, Cindo bai hana ta ba.

Shamuwa ta sauka, damina ta kankama, gulbi ya kawo. Ruwa ya bi rafin da aka buɗe ya cika Kulumbu, ya kewaye tsibiri har dila ya tsaya a gaɓa yana kallo. Duk abin da alƙali ya faɗa ya tabbata, sai abu guda: dinya ba ta zo ba. An cinye mata ƙwai sau da yawa, ta yi ƙaura zuwa inda Allah kaɗai ya sani. Sarkin Baka ya duba sama har idanunsa suka yi ja, aka yi girbi, giginya tana tsaye ba abin da ya ƙetare ta.

Sarki ya tara fada, ya kira Malam Mu'allayidi, ya sa aka yafa masa alkyabba, ya ce, "Ku shaida, basirar malamin nan ce ta mayar da ruwa Kulumbu. Malam, ka roƙi abin da kake so."

Alƙali ya durƙusa, alkyabbar tana yi masa nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ruwa ya dawo, amma waɗanda suka dawo da shi sun ƙare. Abin da ya kamata in nace a kai tun da sanyi, shi nake roƙo yau. Kakanka bai kafa doka don ƙaho ba, ya kafa ta don tsuntsu ya wanzu mutum ya ci. A bar haramcin ƙwai da guba da taru, a bar gauraka da shamuwa, a bar alamar masaki da iyakar burgami. A ƙara da cewa dinya haramun ce har sai ta dawo ta yawaita. Amma ƙaho a busa shi duk shekara in an gama girbin gero, an ga ɗan dinya ko ba a gani ba, sarki ya sauke wa Sarkin Baka rantsuwarsa, kuma saran kacalla ya zama wajibi kowane rani. Sa'annan a yafe wa Cindo."

Sarki ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ya tambayi mutum nawa suka rage a bakin tafki. Aka faɗa masa. Ya rufe fuskarsa da hannun riga, ya ce, "Na yarda da duka. Malam, ka kai musu da kanka, ni ba zan iya haɗa ido da su ba."

Alƙali ya isa mashaya da hantsi. Agwagin arewa sun fara dawowa, sun yi baƙi a kan ruwa. Ya isar da saƙon sarki, Sarkin Baka ya ɗaga ƙaho ya busa, muryar ta fita a shaƙe, ta bi kan gidajen da rufinsu ya rufta. Wasu tsofaffi suka leƙo. Ba wanda ya ruga da masaki, ba guɗa, ba kiɗa.

Can sai ga Cindo ya taho da ƙunshi a kafaɗa, masakinsa a hannu. Ya dubi alkyabbar sama da ƙasa, ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam, ashe an yi rabo! Mu muka sha matsattsaku, kai ka sha ado. Haka aka saba, ba komai."

Alƙali ya ce, "An yafe maka, Cindo. Ba kora. Gidanka naka ne, ga tafki an buɗe."

Cindo ya ce, "Na ji ƙaho, kunnena lafiya lau. Ka yi wa sarki godiya." Ya juya ya dubi wajen maƙabarta. "Na roƙe ka a bari sai innata ta cika, an kuwa bari. In shiga ruwa yanzu in kama, in kai wa wa? Wa zai fige, wa zai ce ya yi gishiri? Zan bi Yalwa, in ta yarda ta dube ni."

Alƙali ya ce, "Da na matsa wa sarki tun ranar..."

Cindo ya katse shi. "Bar shi, Malam. Kai ka yi tafiya a ƙasa har tsibiri da waɗannan gwiwoyin, na ji labari. Malamin da ya taka laka saboda maharbi, ai sai a yafe masa sauran." Ya miƙa masa masakin. "Ungo. In dinya ta dawo kana raye, ka kifa shi ka shiga ka gaishe ta. Amma ka cire rawanin tukuna, kada ka kore mana ita karo na biyu."

Ya kama hanyar kudu, bai waiwayo ba. Alƙali ya tsaya a gindin giginya, alkyabbar sarki a kafaɗa, masakin maharbi a hannu, har mutumin ya ɓace a cikin karan gero.

An ce ya rataye masakin a zauren shari'a, daidai inda idonsa yake sauka in ya zauna, kuma tun daga ranar bai ƙara haɗiye maganar da ya san gaskiya ce don tsoron fuskar sarki ba. Ko dinya ta dawo Kulumbu, wasu sun ce ta dawo bayan rasuwarsa, wasu sun ce har yau babu. Na taɓa sanin wanda ya fi inganci, yanzu ya shige mini. Abin da ban manta ba shi ne abin da yakan faɗa wa masu koyon shari'a a wurinsa: mai riƙon doka wajibi ne ya riƙa zuwa yana duba ko tana raya abin da aka kafa ta dominsa, domin adalci yana da lokaci kamar shuka, in ya wuce, afuwa takan iso gida ta tarar ba wanda za a yi wa. Allah shi ne masanin abin da ya ɓace mana.